Shin Dokar Hanya Tana Tsallake Katanga? Fashin Baƙi Kan Tuƙi a Filin da Ba na Gwamnati Ba

Idan mutum yana tuƙi a cikin gonarsa, ko a harabar wani babban kanti, ko a titunan rukunin gidaje masu get da maigadi, shin dokokin hanya suna hawa kansa? Jami'in kula da zirga-zirga yana da ikon yanka masa tara a wurin da ba gwamnati ce ta zuba kwaltarsa ba?

Wannan tambaya takan taso duk lokacin da aka yaɗa bidiyon ƙaramin yaro yana juya mota a cikin fili, ko labarin direban da aka kama cikin maye a ƙofar garejin gidansa. Nan da nan sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce ai filinsa ne, ina ruwan hukuma. Wasu kuma su ce doka doka ce, duk inda taya ta taka tana nan. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Abin da dokokin ƙasashe da yawa suka fi damuwa da shi ba sunan da ke jikin takardar mallakar fili ba ne. Tambayarsu ita ce: su waye suke iya shiga wurin, kuma wane irin laifi ake magana a kai?

Doka ba ta neman takardar fili

A fara daga yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa, wadda ƙasashe da dama suka ɗora ƙa'idodin hanyoyinsu a kanta. Ta bayyana hanya da cewa duk wani titi ne ko mashiga da aka buɗe wa zirga-zirgar jama'a. Ba ta ambaci mai shi ba, ba ta kuma ce sai gwamnati ce ta gina ba.

Dokar zirga-zirga ta Birtaniya ta 1988 ita ma haka take. A wurinta hanya ta haɗa da babban titin gwamnati da duk wata hanyar da jama'a suke da damar bi. Kotunan can sun daɗe suna warware ma'anar wannan dama. Tun a 1932 wata kotu a Scotland ta saurari ƙarar mutumin da aka kama yana tuƙi bayan an hana shi, a kan wata 'yar hanya da ta ɓalle daga babban titi ta nufi wata gona. Hanyar ta gonar ce, gwamnati ba ta kula da ita. Amma babu ƙofa a bakinta, mutanen da ba su da wata hulɗa da gonar sukan bi ta, mai gonar kuma galibi yana gani yana ƙyalewa. Kotu ta ce wannan ya isa ya mayar da ita hanya a idon doka. Ma'aunin da ya fito daga nan shi ne: jama'ar gari suna bin wurin a zahiri, ba tare da sun haura shinge ko sun take wani hani ba? In amsar e ce, dokar hanya ta shigo.

Indiya ta faɗaɗa zancen. Dokar ababen hawa ta 1988 tana magana ne a kan wurin jama'a, wato titi ko hanya ko wani wuri daban da jama'a ke da haƙƙin shiga, ko yana ɓullewa wani waje ko ba ya ɓullewa. Ostireliya tana da nata rukunin da ta ware na wuraren da ke da alaƙa da titi, wanda ya tattaro wuraren ajiye motoci da aka buɗe wa kowa. A Jamus ƙa'idodin hanya suna aiki a duk inda mai wuri ya bar wa jama'a su shiga da mota, a bayyane ko ta hanyar yin shiru, don haka harabar babban kanti da ta gidan mai suna ciki. Kai, har shahararren filin tseren motoci na Nürburgring, a ranakun da ake buɗe shi ga duk wanda ya sayi tikiti, dokar hanya ce ke aiki a kansa, kuma sai motar da ta cancanci hawa titi ake bari ta shiga.

Ba kowa ya bi wannan layi ba. A Kanada, lardin Alberta ya rubuta ƙarara cewa hanya tana iya zama ta gwamnati ko ta wani, muddin jama'a sun saba wucewa ko ajiye mota a wurin. Lardin Ontario kuwa ya taƙaita yawancin dokarsa ta hanya ga titunan jama'a, ta yadda ƙananan ƙa'idodi da yawa ba sa bin direba cikin harabar kanti. Ƙasa ɗaya, amsa biyu. A Amurka ma kowace jiha da tata dokar, shi ya sa wanda ya ce "a Amurka ba a yi" bai faɗi komai ba tukuna sai ya ambaci jihar.

Daga nan za a gane cewa filin da ba na gwamnati ba iri-iri ne. Akwai wanda yake a rufe ruf, kamar tsakiyar gona mai shinge ko cikin gida. Akwai wanda yake na wani amma a buɗe yake ga kowa, kamar harabar kanti, asibiti ko tashar jirgin sama. Rigimar tana tsakiya: rukunin gidaje masu get, harabar masana'anta, kulob ɗin da sai mai kati. A nan alƙali yakan duba aikin maigadin. In yana tantance masu shiga da gaske, sai mazauna da baƙin da aka gayyata, wurin ya fi kusa da na rufe. In kuwa ɗaga sanda kawai yake yi wa duk wanda ya danna ham, ko duk mai kuɗin shiga ana karɓarsa, to jama'ar gari ce ke shiga, get ɗin ado ne. A kan irin wannan hujja wata kotun Ingila a 1991 ta ɗauki wani sansanin masu yawon shaƙatawa a matsayin wurin jama'a, duk da cewa akwai masu karɓar baƙi a ƙofa.

Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne wuri ɗaya yana iya sauya matsayi a cikin yini. Gonar da aka buɗe don masu zuwa baje koli su ajiye motoci ta zama wurin jama'a a wannan ranar. Washegari da aka ja ƙyaure ta koma gona.

Alamar "tsaya" da mai fili ya kafa

Yanzu ga inda masu cewa "filinsa ne" suka fi samun gaskiya. Alamar tsayawa, iyakar gudu da aka rubuta a allo, kibiyar da aka zana a ƙasa, farin layin masu tafiya a ƙafa: waɗannan suna da ƙarfin doka ne idan hukumar da doka ta ba iko ce ta kafa su. Mai kanti yana iya sayen alama iri ɗaya sak da ta gwamnati ya dasa a harabarsa, amma fenti da ƙarfe ba sa mayar da ita doka. A wurare da yawa ɗan sanda ba zai iya yanka tara don an wuce irin wannan alamar ba.

Sai dai an buɗe ƙofofi. Dokar jihar Kalifoniya ta Amurka ta ba ƙaramar hukuma dama ta zartar da cewa wasu ƙa'idodi, ciki har da hana gudun da ya wuce hankali da tseren motoci, za su yi aiki a harabar ajiye motoci ta 'yan kasuwa, da sharaɗin a kafa alluna a mashigar wurin da ke sanar da direbobi haka. A jihar Florida masu rukunin gidaje suna iya ƙulla yarjejeniya a rubuce da hukumar yankinsu domin 'yan sanda su riƙa kula da zirga-zirga a titunan cikin rukunin. Da zarar an sa hannu, titin da mazauna suka shimfiɗa da kuɗinsu ya zama wurin da ake yanka tara ta gaske. Haka nan wuraren da aka keɓe wa masu buƙata ta musamman: Kalifoniya tana hukunta wanda ya ajiye mota a irin wannan gurbi ba bisa haƙƙi ba ko da harabar ta kamfani ce.

Ko a Jamus, inda dokar hanya ke shiga harabar kanti, ba kowace ƙa'ida ce ke shiga da ita ba. A 2022 babbar kotun tarayya mai sauraron ƙararrakin jama'a ta yanke cewa ƙa'idar nan ta ba na hannun dama hanya ba ta aiki kai tsaye a tsakanin layukan ajiye motoci, sai in layin ya yi kama da titi sosai. Dalilinta kuwa shi ne ba don wucewa aka yi waɗannan layuka ba, don neman gurbi da lodin kaya aka yi su. Abin da ya rage wa direbobi biyu da suka haɗu a can shi ne su tafi a hankali su fahimci juna.

Kada wannan ya sa a raina alamar mai fili. Ko ba ta jawo tara ba, tana magana da babbar murya ranar da aka yi karo. Kamfanin inshora ko alƙalin da ke raba laifi zai tambaya: direba mai hankali da ya ga an rubuta "tsaya", me zai yi? Wanda ya yi kunnen uwar shegu da alamar ya tsira daga takardar ɗan sanda, amma kuɗin gyaran motar ɗaya direban yana jiransa.

Laifukan da katanga ba ta tare su

A nan ne masu taƙama da "gidana ne" suke shan mamaki. Majalisu da yawa sun ware manyan laifuka sun fitar da su daga iyakar titi: tuƙi cikin maye, tuƙin ganganci, da tserewa bayan an yi haɗari.

Kalifoniya ta rubuta cewa dokokinta na maye da na tsayawa bayan haɗari suna aiki a kan tituna da ko'ina a faɗin jihar. A Kanada tuƙi cikin maye yana cikin kundin manyan laifuka na tarayya, wanda bai damu da ko titi ne ko gona ba, don haka gibin da dokar Ontario ta bari bai amfani mashayi da komai ba. Jihar New York ta auna abin da mudu: dokar mayenta ta shafi titunan gwamnati, hanyoyin da ba na gwamnati ba da motoci ke bi, da duk wurin ajiye motoci da zai ɗauki mota 4 ko fiye, amma ta cire harabar gidan da iyali ɗaya ko biyu suke zaune. A Michigan kuwa, a 2017 Kotun Ƙolin jihar ta duba batun mutumin da ya fito da motarsa da baya daga garejinsa cikin maye, ya yi 'yan mitoci a harabar gidansa, ya mayar da ita ciki, bai taɓa titi ba. Ƙananan kotuna sun sallame shi. Kotun Ƙoli ta ce a'a, harabar wuri ne da mota za ta iya shiga daga titi babu abin da ya tare ta, saboda haka ana iya tuhumarsa.

Hukuncin na Michigan ya jawo ce-ce-ku-ce, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Masu suka sun ce in hukuma za ta bi mutum har bakin garejinsa, ina amfanin mallakar gida? Mutumin bai yi wa kowa barazana ba, kuma dokar hanya an yi ta ne domin kare masu amfani da hanya. Masu goyon baya sun ce tsakanin harabar gida da titi taku kaɗan ne, mota kuma ba ta san iyakar fili ba. Suka ƙara da cewa harabar gida ba kango ba ce: yara na wasa, maƙwabci na wucewa, mai kawo saƙo na shigowa. A ganina hujja ta biyu ta fi nauyi inda harabar ke buɗe ga titi. Amma mutumin da ke tsakiyar gona mai faɗi, shi kaɗai, a bayan shinge, hukunta shi da dokar hanya ya fi kama da neman laifi fiye da kare rai.

Ingila ta tsaya a tsakiya. Tuƙi mai haɗari, tuƙin sakaci da tuƙi cikin maye laifuka ne idan an yi su a kan hanya ko wani wurin jama'a. A filin da yake a rufe da gaske waɗannan sassa ba sa aiki. Hakan bai bar direba sakaka ba, domin akwai wata tsohuwar doka ta 1861, tun zamanin keken doki, da ke hukunta wanda ya ji wa wani ciwo ta hanyar tuƙin hauka a ko'ina. Sai dai iyakar hukuncinta shekara 2 ne a gidan yari, alhali tun 2022 wanda ya kashe rai da tuƙi mai haɗari a kan titi yana iya samun ɗaurin rai da rai. Masu gabatar da ƙara suna iya komawa ga tuhumar kisa ta hanyar mummunan sakaci, amma tabbatar da ita ya fi wuya. Ga iyalin mamaci, wannan bambanci na 'yan taku tsakanin titi da fili abu ne mai wuyar haɗiyewa.

Ban da wannan duka, wanda ya take mutum da gangan ya aikata laifin kisa ko na raunata wani, mota makami ce kawai a hannunsa, kuma babu ƙasar da take tambayar a filin wa aka yi.

Koyon mota a fili

Kusan kowane direba a wani fili ya fara riƙe sitiyari, shi ya sa wannan ɓangaren ya fi shafar mutane. A ƙasashen da dokar lasisi ta ce "a kan hanya", irin su Birtaniya, wanda ba shi da lasisi yana iya tuƙi a filin da yake a rufe, da izinin mai filin. Da haka ne yara masu koyon tseren mota suke atisaye a filaye na musamman, kuma a Jamus akwai filayen koyo masu shinge inda marar lasisi yake tuƙi tare da mai lasisi a gefensa. Hatta babur ɗin nan na lantarki da ake tsayawa a kai, a Birtaniya wanda mutum ya saya da kuɗinsa ba a yarda ya hau titi da shi ba, amma ya halatta a filin wani in mai filin ya amince.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar harabar kanti da dare, bayan an tashi, a matsayin irin wannan fili. Ganin babu motoci ba ya nufin an rufe. Kalifoniya ma ta toshe wannan kafar a rubuce: ba a tuƙi a harabar ajiye motoci da aka buɗe wa jama'a sai da lasisi. Sannan hanyar zuwa filin ita kanta titi ce, kuma wanda ya miƙa wa yaro makulli shi zai amsa tambaya in abu ya lalace.

Takardar da kamfani ya liƙa a gilashi

Takardar cajin kuɗi da kamfanin wurin ajiye motoci ke liƙa wa mota wani abu ne daban, kodayake da gangan ake yi masa kamanni da na hukuma: launi iri ɗaya, leda iri ɗaya, kalamai masu tsoratarwa. Tara hukunci ce da gwamnati ke yankewa a kan laifi. Kamfanin da ke kula da wurin ajiye motoci ba shi da ikon hukunta kowa. Abin da yake riƙe da shi yarjejeniya ce. Ya kafa allo ya rubuta sharuɗɗansa, kai kuma ka gani ka shiga ka ajiye mota, to a idon doka ka amince. In ka saɓa, takardar da ya ba ka takardar neman biyan bashi ce. Ba ta taɓa lasisinka, ba ta sa sunanka cikin masu laifi.

Daga nan wasu suka ɗauka ana iya yayyaga ta a zubar. Shari'ar da ta rufe wannan baki a Birtaniya ita ce ta kamfanin ParkingEye a 2015. Wani direba ya ajiye motarsa a harabar wasu kantuna a garin Chelmsford, inda allo ya ce awa 2 kyauta ne, wanda ya zarce zai biya fam 85. Ya zarce da minti 56, ya ƙi biya, ya ce kamfanin bai yi asarar ko kwabo ba saboda zarcewarsa, don haka kuɗin horo ne da aka yi wa rigar yarjejeniya. Kotun Ƙoli ta ba kamfanin gaskiya. Ta ce akwai halattacciyar manufa a hana mutane mamaye gurabe domin masu sayayya su samu wuri, kuɗin bai wuce hankali ba, allunan kuma manya ne a fili kowa na gani.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne makamin direba. Allon da aka ɓoye a bayan bishiya, ko aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, ko babu haske a kansa da dare, ba ya ƙulla yarjejeniya, tunda mutum ba ya amincewa da abin da ba a nuna masa ba.

Kulle taya kuwa, wanda ya fi komai ɓata ran direbobi, ya dogara da ƙasa. Kotun Scotland ta ɗauke shi a matsayin ƙwace da tatsar kuɗi tun 1992. Ingila da Wales sun haramta wa kamfanoni kulle taya ko jan mota a filaye masu zaman kansu daga Oktoban 2012, amma a madadin haka doka ta ba su damar bin wanda aka yi rajistar motar da sunansa in ba a san direban ba. A jihohin Amurka da dama mai fili yana iya kiran janwe ta ɗauke motar da aka ajiye ba izini, bisa sharuɗɗan sanarwa da doka ta gindaya. A ko'ina dai mai fili yana da abu ɗaya a hannunsa da ba ya buƙatar kotu: ya ce ka fita, kada ka sake dawowa.

Laifin da aka yi a titi, aka gudu gida

Shiga gida ba ya goge abin da aka aikata a kan hanya. Wanda ya keta jar danja sannan ya faɗa harabarsa ya riga ya yi laifin, kuma lambar motarsa ta isa a aiko masa da takarda. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko jami'i zai iya bin sa ciki ba tare da takardar izinin kotu ba. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta duba batun direban da ɗan sanda ya bi saboda yana danna ham yana kuma sakin kiɗa da ƙarfi, ya shige garejinsa, jami'in ya sa ƙafa ya tare ƙofar ya shiga. Kotun ta ce bin mai ƙaramin laifi ba ya zama lasisin kutsawa gida a kowane hali, sai an duba ko akwai gaggawa ta gaske, kamar ɓatar da shaida ko barazana ga rai.

Inshora da diyya

Ga talaka wannan ya fi tara muhimmanci nesa ba kusa ba. Haƙƙin neman diyya a kan wanda ya yi sakaci bai taɓa dogara da titi ba: wanda ya buge ka a gona yana da alhakin jinyarka kamar wanda ya buge ka a mahaɗar hanya. Matsalar ita ce wa zai biya in shi ba shi da hali. Inshorar dole an ɗaura ta ne a kan ma'anar hanya, kuma a nan ma'anar takan zama batun rai da mutuwa.

A 1998 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, ta yanke cewa wurin ajiye motoci ba hanya ba ne, domin an yi shi ne don tsayawa, ba don tafiya daga wani wuri zuwa wani ba. Sakamakon haka mutanen da aka raunata a irin waɗannan wurare suka rasa kariyar inshorar dole. Gwamnati ta ga ɓarakar, a 2000 ta gyara dokar ta ƙara "ko wani wurin jama'a".

Turai ta wuce nan. A 2007 wani ma'aikacin gona a Slobeniya mai suna Vnuk yana kan tsani yana jera dammunan ciyawa a rumbu, sai tarakta mai jan tirela ta yi baya a harabar gonar ta ture tsanin, ya faɗo ya ji rauni. Kamfanin inshora ya ƙi biya, ya ce ba a hanya aka yi ba. A 2014 Kotun Tarayyar Turai ta ce inshorar dole ta shafi duk wani amfani da abin hawa da ya dace da aikinsa na yau da kullum, kuma ba ta ware filin gona ba. Hukuncin ya tayar da hankalin masu shirya tseren motoci da manoma da kamfanonin inshora, waɗanda suka ce kuɗin zai koma kan kowane direba. A 2017 kotun ta ɗan ja da baya, ta ce taraktar da ke tsaye tana aiki a matsayin injin feshi ba abin sufuri ba ce a wannan lokacin. A 2021 Tarayyar ta sake fasalin dokar, Birtaniya kuma, bayan ficewarta, ta yi doka a 2022 ta cire hukuncin na Vnuk daga tsarinta baki ɗaya. Ma'aikacin gonar da tarakta ta ture a Ingila yau sai ya nemi haƙƙinsa ta inshorar mai gonar da ta shafi ma'aikata, ko ta dokokin kare lafiya a wurin aiki, waɗanda su ne ke mulki a cikin masana'antu da ma'ajiyar kaya.

Haɗarin cikin fili ba ƙarami ba ne kamar yadda ake zato, sai dai ba ya shiga ƙididdigar haɗarin titi, don haka ba a cika jin labarinsa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta a 2014 cewa kimanin mutum 210 ne ke mutuwa duk shekara, wasu 15,000 kuma su ji rauni, sanadiyyar motar da ke yin baya, kuma ƙananan yara da tsofaffi ne suka fi shiga ciki. Da yawa daga cikin waɗannan a harabar gidaje da wuraren ajiye motoci suke faruwa, inda babu ɗan sanda, babu danja, babu tarar da za ta hana. Hukumar sai ta koma kan motar kanta: daga watan Mayun 2018 ta wajabta sanya kyamarar baya a kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a ƙasar.